JIMMY DOOLITTLE: MATUƘIN DA YA TASHI CIKIN DUHU

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Kano ko Jos lokacin hunturu ya san yadda hazo yake hana tafiya. A zamanin da, abin ya wuce jira, domin matuƙa da yawa sun rasa rayukansu cikin gajimare. Ɗaya daga cikin waɗanda suka samo maganin wannan shi ne James Harold Doolittle, wanda ake kira Jimmy.

An haife shi ran 14 ga Disamba, 1896, a Alameda ta jihar Kalifoniya a Amurka. Ya yi ƙuruciyarsa a Nome ta Alaska, inda mahaifinsa, wanda kafinta ne, ya tafi neman zinariya. Gajere ne, amma ya iya dambe ƙwarai. Ya shiga soja a 1917, ya koyi tuƙin jirgin sama. A 1922 ya ratsa Amurka daga Florida zuwa Kalifoniya cikin ƙasa da awa 24. Wannan suna bai hana shi komawa makaranta ba, har ya sami digirin dakta kan ilimin jiragen sama a MIT a 1925.

Matsalar da ta dame shi ita ce, mutum yana sanin tsayuwarsa ta wurin idonsa da wani ruwa da ke cikin kunnensa. Idan gajimare ya rufe sama da ƙasa, ido ba ya da amfani, kunne kuma yakan ruɗi mutum. Sai matuƙi ya ji kamar yana tafiya daidai, alhali jirginsa ya karkata yana juyawa zuwa ƙasa. Doolittle ya gane cewa jaruntaka ba ta maganin wannan. Dole a sami na'urorin da ba su ruɗuwa, matuƙi kuma ya koyi gaskata su fiye da abin da jikinsa yake faɗa masa.

Da taimakon Asusun Guggenheim ya yi aiki da masana. Kamfanin Sperry ya ƙera na'urar da ke nuna ko jirgi ya karkata, da wata mai riƙe alƙibla. Paul Kollsman ya ƙera ma'aunin nisan jirgi sama wanda ya fi na da daidaito. Aka haɗa da rediyo mai jagorantar matuƙi zuwa fili.

Ran 24 ga Satumba, 1929, a filin Mitchel kusa da Niyok, Doolittle ya shiga jirgi, aka rufe wurin zamansa da murfi, ba ya ganin kome sai na'urorinsa. Laftana Benjamin Kelsey ya zauna a gaba don ko ta kwana, amma bai taɓa abin tuƙi ba. Doolittle ya tashi, ya zaga, ya dawo ya sauka lafiya cikin kamar minti 15. Ba a taɓa yin haka ba sai ran nan.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci jirage 16 da suka kai wa Japan hari ran 18 ga Afrilu, 1942, aka kuma ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Ya rasu ran 27 ga Satumba, 1993, yana da shekara 96. Mutane sun fi tunawa da shi saboda yaƙi, amma aikin 1929 shi ne ya ceci rayuka, kuma a kansa aka gina yadda ake horar da matuƙa har yau.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma akwai ranar da hazo yakan rufe mana hanya, zuciya ta ce mu bi nan. A irin wannan rana, mu riƙe Maganar Allah da koyarwar iyaye da malamai kamar yadda Doolittle ya riƙe na'urorinsa, Ubangiji kuwa zai sauke mu lafiya.