James Connolly: ɗan ƙwadagon da ya haɗa 'yancin Ayalan da haƙƙin ma'aikata

Da sassafe ranar 12 ga Mayu, 1916, sojojin Birtaniya suka harbe James Connolly a farfajiyar kurkukun Kilmainham da ke birnin Dublin. Yana zaune ne ɗaure a kan kujera, domin harsashin da ya farfasa masa idon sawu ya hana shi tsayuwa. Shekarunsa 47 a duniya. Shi da Seán Mac Diarmada ne na ƙarshe cikin jagorori 14 da aka kashe a wannan kurkuku bayan boren da aka yi wa mulkin Birtaniya a makon bikin Ista na wannan shekara.

Da dama daga cikin jagororin boren malaman makaranta ne da marubuta waƙoƙi. Shi kuwa Connolly lebura ne ɗan lebura, wanda ya kwashe shekara 20 yana nanata magana guda: idan aka kori sojan mulkin mallaka aka sauya tuta, amma masana'antu da bankuna da gonaki suka zauna a hannun 'yan tsiraru, to talaka ubangida kawai ya sauya.

An haife shi ranar 5 ga Yuni, 1868, a Cowgate, unguwar matalauta a birnin Edinburgh na ƙasar Sukotland, inda baƙin haure daga Ayalan suka cunkushe. Mahaifinsa yana kwashe kashin dawaki daga tituna a amalanke ƙarƙashin hukumar birnin, mahaifiyarsa kuma ta yi aikatau a gidajen masu hali. Bai wuce shekara 11 ba ya bar makaranta, ya yi ta ƙananan ayyuka a maɗaba'a da gidan burodi. Yana ɗan shekara 14 talauci ya tura shi aikin sojan Birtaniya, kuma a cikin kakin soja ya fara taka ƙasar iyayensa. Ya yi kusan shekara bakwai a can kafin ya gudu daga rundunar a 1889.

A 1890 ya auri Lillie Reynolds, 'yar aikatau mabiyar ɗarikar Furotesta, alhali shi ɗan Katolika ne, abin da ba a cika gani ba a wancan zamani. Sun haifi 'ya'ya bakwai. A Edinburgh ya gaji sana'ar mahaifinsa da rana, da dare kuma yana karatun littattafan tarihi da rubuce-rubucen Karl Marx, har ya zama sakataren wata ƙungiyar 'yan gurguzu ta Sukotland. Da ya rasa aikinsa sai ya buɗe shagon gyaran takalma, shi ma ya durƙushe. Ana cikin haka wata ƙaramar ƙungiyar gurguzu a Dublin ta yi masa tayin aiki a kan fam ɗaya a mako, ya kwashe iyalinsa ya tafi a 1896.

Cikin makonni kaɗan da isarsa ya kafa Jam'iyyar Jamhuriyar Gurguzu ta Ayalan. A lokacin, akasarin 'yan kishin ƙasa suna neman majalisar cikin gida ce a ƙarƙashin sarautar Birtaniya, 'yan gurguzu da yawa kuwa suna ganin maganar kishin ƙasa ɓata lokaci ce. Connolly ya saɓa wa ɓangarorin biyu. A ganinsa mamayar da aka yi wa Ayalan ta zo ne tare da ƙwace ƙasa daga hannun jama'a, don haka ba za a warware ɗaya a bar ɗaya ba. A 1897, lokacin bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan karaga, shi da Maud Gonne suka shirya zanga-zanga da akwatin gawa mai wakiltar daular Birtaniya, aka jefa shi cikin kogin Liffey, 'yan sanda suka kama shi. A 1898 ya fara buga jaridar Workers' Republic, wadda sunanta ke nufin jamhuriyar ma'aikata.

Jam'iyyar ba ta taɓa tara mutane da yawa ba, albashin ma ba kullum yake samuwa ba. A 1903 yunwa ta kore shi zuwa Amurka. A shekarar da ta biyo baya, ana gab da tasowar iyalinsa su same shi, babbar 'yarsa Mona ta rasu sakamakon ƙunar wuta, bai ji labari ba sai da suka sauka. Ya zauna a Amurka shekara bakwai, ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadago ta IWW wadda aka kafa a 1905 da nufin tara dukkan ma'aikata a inuwa guda ba tare da duban sana'a ko launin fata ba. A can ya koyi darasin da ya dawo da shi gida: ƙarfin ma'aikaci yana wurin aikinsa, kuma idan aka taɓa ɗaya, sauran su ajiye kayan aiki.

Ya koma Ayalan a 1910, shekarar da aka buga babban littafinsa, Labour in Irish History. A cikinsa ya bi diddigin gwagwarmayar ƙasar ƙarni bayan ƙarni, yana nuna cewa masu dukiya sukan sasanta da mai mulki da zarar sun ga dukiyarsu na cikin haɗari, su bar talakawa da ɗaukar wahalar. A 1911 ya zama jami'in Ƙungiyar Ma'aikatan Sufuri da Sauran Ayyuka, wadda James Larkin ya kafa, a birnin Belfast. Ya yi aiki da 'yan dako na tashar jiragen ruwa da matan da ke aiki a masaƙu, sai dai gabar da ke tsakanin Katolika da Furotesta ta riƙa raba kan ma'aikatan. Saboda abin da ya gani a Belfast ne ya yi gargaɗi tun 1914 cewa raba tsibirin gida biyu zai ƙarfafa masu ra'ayin riƙau a kowane ɓangare. A 1912, a garin Clonmel, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Leba ta Ayalan.

Babban gwajin ya zo a 1913. Dublin na wancan lokaci tana da iyalai sama da 20,000 da kowannensu ke zaune a ɗaki ɗaya tal. William Martin Murphy, mai kamfanin taragon cikin gari kuma mai jaridar Irish Independent, ya jagoranci ɗaruruwan masu kamfanoni suka rufe ƙofa ga duk ma'aikacin da ya ƙi sa hannu cewa ya rabu da ƙungiyar Larkin. Ma'aikata kusan 20,000 suka rasa abin yi. 'Yan sanda suka far wa jama'a da kulake har aka rasa rayuka. An tsare Connolly, ya shiga yajin cin abinci, aka sake shi bayan kimanin mako guda. Ƙungiyoyin ƙwadagon Birtaniya sun aiko da jiragen ruwa cike da abinci, amma suka ƙi shiga yajin aikin goyon baya. Zuwa farkon 1914 yunwa ta tilasta wa ma'aikata komawa bisa sharaɗin iyayen gidansu.

Daga wannan rikici aka haifi Rundunar Jama'ar Ayalan a watan Nuwamban 1913, ƙaramar runduna ta ma'aikata don kare masu yajin aiki daga dukan 'yan sanda. Ta karɓi mata daidai da maza, cikinsu har da Constance Markievicz. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, manyan jam'iyyun gurguzu na Turai suka mara wa gwamnatocinsu baya, dubban matalautan Ayalan kuma suka shiga sojan Birtaniya. Wannan ya girgiza Connolly ƙwarai. Larkin ya tafi Amurka, ragamar ƙungiya da ta runduna suka dawo hannunsa. A jikin hedikwatarsu, Liberty Hall, aka rataya ƙyalle mai bayyana cewa ba sa bauta wa sarkin Ingila ko na Jamus, Ayalan kaɗai suke yi wa hidima.

Ya fara barazanar tayar da bore ko da shi kaɗai ne da 'yan rundunarsa. Wata ƙungiyar asiri ta 'yan jamhuriya, wadda ta riga ta yi nisa da nata shirin, ta ji tsoron kada ya ɓata mata lissafi, sai jagororinta suka zauna da shi na kwana uku a watan Janairun 1916 suka shigar da shi cikinsu. Ranar Litinin 24 ga Afrilu suka kame babban gidan waya na Dublin, Patrick Pearse ya karanta shelar kafa jamhuriya. Connolly na cikin mutum bakwai da suka sa mata hannu, kuma masana da yawa suna ganin tasirinsa a inda ta yi alkawarin daidaiton haƙƙi da dama ga maza da mata. Shi ne kwamandan mayaƙan birnin, ko da yake 'yan rundunarsa ba su wuce 200 da 'yan kai ba. Ranar Alhamis aka harbe shi a hannu da idon sawu, ya ci gaba da ba da umarni daga kan gado. Ranar Asabar 29 ga wata suka miƙa wuya, bayan mutuwar mutum kusan 500, fiye da rabinsu fararen hula.

Kotun soja ta yanke masa hukunci yana kwance a fadar gwamnati ta Dublin. A waɗannan kwanaki jaridar Murphy ta yi ta kira da kada a sassauta wa jagororin da suka rage. An binne shi tare da sauran a Arbour Hill ba tare da akwati ba. Yadda aka kashe shi ya taimaka wajen juya zukatan jama'ar da da farko suka ƙi boren.

Abin da ya biyo baya bai zo daidai da burinsa ba. A zaɓen 1918 Jam'iyyar Leba ta janye domin kada ta raba ƙuri'u, Sinn Féin ta lashe kujeru 73 cikin 105. Majalisar farko ta 1919 ta amince da wani shiri mai ɗauke da ra'ayoyinsa, amma bai wuce takarda ba. An raba tsibirin a 1921 kamar yadda ya ji tsoro, kuma ƙasar da aka kafa a kudu a 1922 ta bar tsarin mallakar dukiya kusan yadda ta same shi. Marubuci Seán O'Casey, tsohon sakataren rundunarsa, ya zarge shi da barin tafarkin ma'aikata ya bi na 'yan kishin ƙasa. Lenin kuwa ya kare boren daga masu raina shi. A 1934 'ya'yansa Nora da Roddy suna cikin waɗanda suka yi yunƙurin farfaɗo da aƙidarsa, amma tafiyar ta rabu tun a taronta na farko.

A 1966 aka sa wa ɗaya daga cikin manyan tashoshin jirgin ƙasa na Dublin sunansa, a 1996 kuma aka kafa mutum-mutuminsa daura da Liberty Hall. Har yau Jam'iyyar Leba da Sinn Féin da ƙananan jam'iyyun gurguzu kowacce tana cewa ita ce magajiyarsa, kuma duk lokacin da tsadar hayar gida ko ƙarancin albashi suka tayar da muhawara a Dublin, akan sake ɗauko tambayarsa ta wa ya ci moriyar 'yancin da aka samu.