Nana Asma'u 'Yar Shehu da Dabarun Waƙa

Ran da malaminmu na Hausa ya rubuta mana amsa-amo da ma'auni da tahamisi da ramzi a kan allo, na ɗauka wani sabon kaya ne aka ɗora mana don jarrabawa kurum. Da aka ba mu hutu na bar Jimeta na tafi gida Yola, sai na ji kakata tana rera wata doguwar waƙar wa'azi da Fulatanci bayan sallar asuba. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ko baiti ɗaya ba ta tsallake ba. Na yi ta mamakin abin da ya riƙe mata waƙar a ka. Neman amsar nan shi ya kai ni ga tarihin Nana Asma'u, wanda na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai a taƙaice.

An haifi Asma'u a Ɗegel cikin 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Adama tutar ƙasarmu ta Adamawa. 'Yar tagwaye ce, ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga yunwa da yaƙi tun tana ƙarama. Duk da wannan wahala ba a yanke mata karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan ƙura ta lafa, sai ta ga matan ƙauye da yawa ba su san ko farillan alwala ba, ga shi kuwa ba su iya karatu, ba su da halin barin gidajensu su zauna gaban malami. Sai ta zaɓi waɗansu dattawan mata masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle don a san ta. Su ne su ke jagorar ƙungiyoyin da a ke kira 'yan taru, su zo wurinta su koyi waƙa, sa'an nan su koma su koya wa na gida. To, waƙar da za ta yi tafiyar kwanaki a kan tsohuwa ba tare da takarda ba, tilas a gina ta da ƙarfi. A nan ne kalmomin nan na kan allo su ka yi aikinsu.

Amsa-amo, wanda malaman zaure ke ce wa ƙafiya, shi ne sautin da baitoci ke ƙarewa da shi bai ɗaya. In mai rerawa ta ɓata ƙarshen baiti, kunnenta zai gaya mata nan da nan. Ma'auni kuwa shi ne jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi a cikin ɗango, watau layi guda na waƙa. In kalma ta faɗi, sai karin ya yi ɗingishi. Da waɗannan biyu Asma'u ta shirya sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin waƙa ɗaya, da Fulatanci da kuma Hausa, don a riƙe su a jere.

Tahamisi shi ne a ɗauki baiti mai ɗango 2 na wani mawallafi, a ƙara masa 3 a gabansa su zama 5. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce mai kyau: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta juya ta Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Ramzi kuma shi ne ɓoye shekarar da aka gama waƙa cikin kalma, gama kowane harafin Larabci yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har sama. Albarkacin ramzi ne masu bincike su ka san shekarun waƙoƙinta da yawa.

Ta kuma yi marsiyya, watau waƙar makoki, ga Bello da ya rasu a 1837, da mijinta, da waɗansu mata na kusa da ita. Ko a cikin kuka ba ta bar koyarwa ba, don halayen kirki na mamacin ta ke lissafawa domin masu rai su yi koyi. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack su ka tara ayyukanta cikin littafi guda.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a rarraba mu ƙauyuka, inda wata makarantar ba ta da littafi ko ɗaya na ba yara. Ni dai na ƙudura, in an ba ni aji, zan shirya kwanakin mako da sunayen watanni cikin baitoci masu amsa-amo, in gwada ko yaran za su kai su gida wurin iyayensu mata. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu ikon koyi da ita, amin.