Taƙaitaccen Tarihin Likita George Grey Turner (1877-1951)

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa ɗalibai tarihin wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ingila, wanda har yau ake kiran wata alamar cuta da sunansa.

An haifi George Grey Turner a garin North Shields a shekarar 1877. Ya yi karatun likitanci a Newcastle, ya kuma yi aikin tiyata a asibitin Royal Victoria na wannan birni. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi wa sojojin Birtaniya aikin likita. Ya zama farfesa a 1927, daga baya ya koma Landan ya riƙe kujerar farfesan tiyata a asibitin Hammersmith.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da ya wallafa a 1920 kan kumburin fankiriyas na farat ɗaya. Fankiriyas wata tsoka ce da ke kwance a bayan tumbi, tana fitar da ruwan narkar da abinci. Idan tsakuwar matsarmama ta toshe hanyarta, ko yawan shan giya ya ɓata ta, sai ruwan nan ya juya ya riƙa cin ta. Majiyyaci kan ji matsanancin ciwo a saman ciki yana ratsawa har baya, ga kuma amai. Galibi akan warke cikin 'yan kwanaki, amma kusan mutum 1 cikin 5 cutar kan tsananta masa, har ƙoda ko huhu su gaza.

Turner ya lura cewa a wasu masu tsananin ciwon, fatar kwiɓi kan canja launi kamar an doke su, domin jini ya kwarara ta bayan ciki ya taru ƙarƙashin fata. Alamar ba ta cika fitowa ba, kuma takan ɗauki kwana 1 zuwa 2, amma in ta fito rai na cikin haɗari. Tana da 'yar uwa da ke fitowa kewayen cibiya, wadda Thomas Cullen ya bayyana a 1918 a jikin wata mata da cikinta ya zauna a wajen mahaifa.

Turner ya rasu a 1951. A ganina, darasin da ya bar mana shi ne lura: da ido kawai ya karanta a fata abin da ke ɓoye a ciki.