Abu Ja: Sarkin Zazzau da ya kafa birnin da ya ba Abuja suna

Mai mota da ya tashi daga Gwarinpa ya hau babbar hanyar Kubwa, ya wuce Zuba da Dutsen Zuma, zai isa Suleja. Garin nan shi ne Abuja ta asali, kuma sunan da babban birnin tarayya ke ɗauke da shi a yau sunan mutum ne: Abubakar, ɗan Sarkin Zazzau Isyaku Jatau, wanda aka fi sani da Abu Ja. An ce don hasken fatarsa aka yi masa laƙabin Ja, wasu kuma na danganta shi da sunan mahaifinsa, Jatau.

A gidan sarautar Zazzau aka haife shi, amma bai gaji gadon mahaifinsa a birnin Zariya ba. A farkon jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, rundunar Malam Musa ta ci Zariya, a 1804 bisa lissafin marubutan tarihin Abuja. Sarkin da ke kan gado, Muhammadu Makau, yayan Abu Ja, ya fita da 'yan'uwansa da manyan fadawansa ya nufi kudu, har ya sauka a Zuba, ƙasar Koro, wadda tun da can take kai gaisuwa Zazzau. Makau bai gina birni ba. Ya shafe sauran rayuwarsa a bakin daga, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825.

Abin da Abu Ja ya gada ke nan: sunan sarauta, da jama'ar da ta yi kusan shekara ashirin tana zaman sansani. Da ya ci gaba da bin sawun yayansa, da wuya gidan ya kai ƙarshen ƙarnin, domin masarautun da ke biyayya ga Sakkwato sun kusa kewaye shi. Sai ya ɗauki matakin da ya fi yaƙi wuya ga ɗan sarki, wato ya karɓi gaskiyar cewa komawa Zariya ba nan kusa ba ce. A 1828 ya zaɓi wuri a gefen kogin Iku, cikin duwatsu, arewa da Zuba, ya kafa gari. A shekarar da ta biyo baya aka fara ginin ganuwa.

Wurin ya dace da mai neman tsira. Ƙarfin rundunonin arewa yana ga dawaki, doki kuwa ba ya sakewa a cikin duwatsu da kurmi. Ga ruwa a kusa, ga ƙasar noma ta Gbagyi da Koro a kewaye. Sai dai zaman bai kasance na lumana kullum ba: wasu garuruwan yankin sun bi, wasu sai da takobi, kuma ƙauyukan Gbagyi sun ɗanɗana hare-haren Abuja a tsawon ƙarnin kamar yadda suka ɗanɗana na makwabtanta.

Abin da ya bambanta garin da sauran sansanonin gudun hijira shi ne abin da Abu Ja ya zuba a cikin ganuwar. Bai ƙirƙiro sabon tsarin mulki ba. Tsohuwar Zazzau ya sāke dasawa. Madawaki yana riƙe da runduna, ga Galadima da Wambai da Dallatu, ga sarautun mata na Iya da Sarauniya, kowa da matsayinsa a fada. Shi kansa bai bar sunan Sarkin Zazzau ba, kuma har yau da shi ake kiran magadansa. Saboda haka aka wayi gari da Sarkin Zazzau biyu, ɗaya a Zariya, ɗaya a Abuja. Yayin da jihadi ya sauya fasalin sarauta a Kano da Katsina da Zariya, Abuja ta adana tsohon fasalin, kamar yadda Maraɗi ta yi wa gidan Katsina. Wannan ne ya sa masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya dogara da Abuja wajen gano yadda sarautar Hausa take kafin jihadi, yana amfani da tarihin da Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta.

Abu Ja ya yi shekara 26 a kan gado, ya rasu a 1851. A zamaninsa garin ya zauna a tsare, kuma sai a mulkin ɗan'uwansa Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, fatauci ya buɗe tsakanin Abuja da Zariya da Bida. Ganuwar ta yi aikinta: babu wata rundunar daular Sakkwato da ta ci Abuja. Turawan Ingila ne suka shige ta a 1902, a ƙarshen zamanin Sarki Ibrahim Iyalai.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, kuma wani babban yanki na ƙasar da aka keɓe na masarautar Abuja ne. Sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuwa ya rage a Jihar Neja, aka raɗa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, tare da Ja ɗin nan na wanda ya kafa shi. Gwamnatin tarayya ta kammala ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, shekara 140 bayan rasuwar Abu Ja.