Malam Abdullahi na Gwandu: Tsakanin Aƙida da Sulhu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya tashi ne a inuwar masarautar Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya aza harsashinta. An fi tunawa da shi a matsayin masani, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili. Amma abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda ya yi ta fama da mulkin da shi kansa ya taimaka aka kafa.

An haife shi a wajajen 1766. Ya yi karatu a gaban wansa, Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da Gobirawa suka fasa Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne ya ja rundunar jama'a a Tafkin Kwatto, aka kuma ci Birnin Kabi a 1805.

Nasara ce ta fara jefa shi cikin damuwa. Yawancin malaman da aka fara tafiyar da su sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya karkata ga ganima da dawakai da neman muƙami. Saboda haka a wajajen 1807 ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. A Kano aka tare shi. Mutanen garin suka nemi ya zauna ya nuna musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sannan ya juyo gida. A ganina wannan juyowa ita ce babbar shawarar rayuwarsa: ya zaɓi zama cikin gwamnatin da ba ta cika masa ido ba, a kan ya tsira da tsarkinsa shi kaɗai.

Dawowar ba ta sa ya yi shiru ba. Ya saɓa wa Shehu kansa a rubuce game da kaɗe-kaɗe, da tufafin ƙawa ga masu mulki, da laƙabin sarauta. Shehu ya fi karkata ga sauƙaƙawa, domin jama'a ta yi yawa, kuma malamai sun saɓa a kan waɗannan mas'aloli. Abdullahi yana tsoron kada sarautar da aka rushe ta dawo da sabon rawani. Duk da haka, da aka raba kula da daula a 1812, ya karɓi yammaci, Muhammadu Bello ya riƙe gabas.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1817. Shehu ya rasu, aka yi wa Bello mubaya'a kafin baffansa ya iso Sakkwato. Abdullahi ya koma Gwandu, zumunci ya yi sanyi. Ana cikin haka Abdussalami ya yi tawaye a Kware, bisa ƙorafin cewa ba a yi masa adalci ba, aka ci shi da yaƙi, ya rasu a 1818. Sauran magoya bayansa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, har suka gagari Abdullahi. Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. A nan ne, kamar yadda ruwaya ta nuna, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuwa ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Sulhun bai tsaya ga 'yan gida ba. Buhari ɗan Abdussalami ya miƙa wuya, aka bar shi ya zauna da Gimbanawa, ya kafa Jega, garin da daga baya kasuwarsa ta shahara a ƙasar Hausa.

Abdullahi ya ƙarasa kwanakinsa cikin karantarwa da rubutu, ya bar yawancin hidimar mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu. Ya rasu a Gwandu a wajajen 1829, kuma a can hubbarensa yake. Allah Ya jiƙansa.