Samanja Chari Maigumeri: Sojan Da Ya Sha Yin Salla A Baƙon Wuri

A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani bawan Allah da sunansa ke rubuce a ƙofar barikin soja na Lakwaja, amma da yawa daga cikinmu masu bin hanyar Kudu zuwa Arewa mukan wuce ba tare da mun san ko wane ne ba. Shi ne marigayi Samanja Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno, wanda ya yi shekara 36 yana aikin soja a rundunar Nijeriya ta zamanin Turawa.

An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19. Yana ɗan saurayi ya shiga sojan Jamus a 1913, lokacin Kamaru tana hannun Jamusawa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya yi musu yaƙi har suka ba shi lambarsu ta jarumta. A 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ci Garwa, shi kuma ya faɗa hannun Ingilishi. Ikon Allah, a 1917 sai ga shi sanye da kakin waɗanda suka kama shi, aka kuma tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na da. Daga nan ya yi ta hawa, ya zama saje, har a 1928 ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. A wancan zamani wannan shi ne ƙarshen inda baƙar fata ke kaiwa, domin hafsoshi duk Turawa ne.

To, mene ne aikin babban samanja? Shi ne tsani tsakanin Bature da kurtu. Umarni ta bakinsa yake sauka, kuka kuma ta bakinsa yake hawa. Da Hausa ake tafiyar da wannan runduna, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta, ko da yake a cikin sojojin akwai Barebari da Zabarmawa da Tibi da sauran ƙabilu. Mu da muke zaune a Sabo da zango-zango na Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin kusan irin aikin Sarkin Hausawa ne ko maigidan da baƙi ke sauka a wurinsa: in an yi rigima shi za a nema, in an yi rashi shi zai tsaya, in wani ya karaya shi zai ba shi baki.

A lokacin zaman lafiya soja yana bariki da iyalinsa. Matarsa ke yi masa tuwo, akwai magajiya mai kula da sha'anin matan bariki, akwai liman. Amma ranar da aka ce a shiga jirgin ruwa, duk wannan a baya ake barin sa. Haka ta faru a 1940, da aka kwashi sojojin Nijeriya zuwa Kenya don yaƙar Italiya. Ƙaramar Salla ta wannan shekara, a farkon Nuwamba, can ta riske su. Babbar Salla ma, a cikin Janairun 1941, can suka yi ta, ana shirin kutsawa Somaliya. Cikin Fabrairu suka shiga Mogadishu, sa'an nan suka nausa Habasha, tafiyar fiye da mil 700 cikin kwana 17 zuwa Jijiga, daga nan sai Harar. A wannan yaƙi ne Samanja Chari ya sami lambar jarumta ta sojan Ingila. Ka ga ke nan mutum ɗaya ya karɓi lambar yabo daga Jamus, ya kuma karɓa daga Ingila.

Ba su daɗe da dawowa gida ba sai aka sake cewa su ɗaura. Wannan karo Indiya aka nufa, daga can kuma sai Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Boma, yanzu kuma ake ce mata Miyanma, don yaƙar Japan. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon sojan Boma ya san wahalar ba ta harsashi kaɗai ba ce. Daji ne mai duhu da tsaunuka, ga ruwan sama na wata da watanni, ga sauro da zazzaɓi, ga matsattsaku da ke liƙe wa mutum a ƙafa suna shan jini. A wurare da dama babu hanyar mota, sai dai jirgin sama ya jefo abinci da laima, 'yan dako na runduna su ɗora a ka su bi sahu. Abinci kuwa yawanci shinkafa ce da naman gwangwani. Mutumin da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka, ga shi a ƙasar da ko bishiyar goro babu, mu masu harkar goro mun san abin da wannan ke nufi.

Sai kuma kewar gida. Yawancin sojojin ba su yi boko ba, don haka sai a nemi wani mai iya rubutu a cikinsu ya rubuta musu wasiƙa, wasu kuma su yi da ajami. Kafin ta fita sai an duba ta, kada a faɗi inda runduna take. Kafin amsa ta dawo an yi watanni. Mutum zai bar matarsa da ciki, a haihu, a yi suna, a yaye, bai ga ɗan ba. Wani mahaifinsa zai rasu, sai bayan an yi sadakar arba'in labari ya iso. Akan yanki wani abu daga albashin soja a biya iyalinsa a gida, amma kuɗi ba ya tsayawa a madadin maigida ranar Salla. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta rage musu zafi, domin tana isa gare su, mai karatu ɗaya ya karanta, saura su kewaye shi suna saurare. A 1944 kuma Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ya taka har Burma ya gaishe da sojojin Nijeriya, abin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa ƙwarai.

Azumin 1944 ya kama ne a ƙarshen Agusta, tsakiyar damunar can. Addini dai ya yi wa matafiyi sauƙi, ya yi kasaru, ya sha azumi ya rama daga baya. Amma sauƙin shari'a daban, abin da zuciya ke ji daban. Ranar idi babu hawan sarki, babu yara da sababbin kaya, babu tuwon Salla da ake aikawa maƙwabta, babu ragon da mutum ya kiwata da hannunsa. Inda hali ya yi, limamin bataliya ya ja su raka'a biyu, a gaisa, kowa ya koma bakin aikinsa. Yadda Musulmi suka yi Salla haka 'yan uwansu Kiristoci suka yi Kirsimeti a dajin nan. A irin wannan rana kurtu ɗan shekara 20 ba shi da uban da zai je gaisarwa sai samanjansa, shi kuwa samanjan dole ya haɗiye tasa kewar don kada na ƙasa su gani su karaya. Wannan nauyi ne Chari Maigumeri ya ɗauka, yana dattijo mai kusan shekara 50. A 1944 aka ba shi lambar Daular Biritaniya saboda daɗewa da nagartar aiki, aka kuma ambaci sunansa cikin waɗanda suka yi fice a Burma.

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, cikin azumi, amma sojoji da yawa sai a 1946 suka sami jirgin dawowa. Sunayen wuraren da suka sha wuya har yau muna faɗarsu ba mu sani ba: barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, da na Letmauk a Ibadan, duk daga Burma aka samo su. A 1953 Samanja Chari ya halarci bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, wanda shi ma ya faɗo cikin watan azumi, a shekarar kuma ya yi ritaya, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa.

Mu 'yan kasuwa mun san yin Salla nesa da gida, amma mu in ciniki ya yi kyau sai mu hau mota mu tafi. Soja ba shi da wannan zaɓi, jiya da yau. Don haka muna kira ga 'yan ƙungiya, in Salla ta zo a duba matan sojoji da 'ya'yansu da ke unguwanninmu waɗanda mazansu ke bakin daga, a kai musu nama, a leƙa a gaishe su, kada a bar su su kaɗai.

Allah Ya jiƙan Samanja Chari Maigumeri da sauran waɗanda ƙasa ta rufe a Habasha da Burma, Ya dawo da na bakin aiki gida lafiya, amin.