Florence Nightingale: Mace Mai Fitila da Alƙalami

Kowace shekara a ranar 12 ga watan Mayu, ma'aikatan jinya na duniya duka sukan yi bikin ranarsu. Ranar nan ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale. Yawancinmu mun san ta da hoton nan nata riƙe da fitila tana zagaya marasa lafiya da dare. Amma kaɗan ne suka san cewa abin da ya fi ceton rayuka a cikin aikinta shi ne alƙalami da lissafi. Ga tarihinta a taƙaice domin amfanin ɗalibanmu da iyayensu.

Haihuwa da Kira

An haife ta a shekara ta 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta, mutanen Ingila masu arziki, suke yawon buɗe ido. Sai suka raɗa mata sunan birnin. Mahaifinta, William Nightingale, shi da kansa ya koya mata Helenanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da tarihi. Amma abin da ya fi shiga ranta shi ne lissafi, darasin da a zamanin nan ake gani bai dace da 'ya mace ba.

A watan Fabrairu 1837, tana da shekara 16, ta tabbata a zuciyarta cewa Allah ya kira ta ga hidimarsa. Da ta gane cewa jinyar marasa lafiya ita ce hidimar, sai gida ya rikice. A lokacin asibitocin Ingila wuraren ƙazanta ne, ana kuma yi wa masu jinya kallon jahilai mashaya. Iyayenta suka hana ta. Ta yi haƙuri shekaru da yawa, tana karanta rahotannin asibitoci a ɓoye, har ta ƙi auren wani sanannen mutum mai sonta. A 1851 ta sami izini ta tafi Kaiserswerth a Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner yake horar da mata masu hidimar ikilisiya, ta yi kamar wata uku tana koyo. A 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Asibitin Scutari

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna goyon bayan Turkiyya gāba da Rasha. Jaridu suka ba da labarin yadda sojojin Ingila suke mutuwa ba mai kula da su. Sidney Herbert, babban jami'in gwamnati mai kula da sha'anin yaƙi, ya roƙi Florence ta je. Ta tashi da nas-nas 38, suka isa Scutari, tsallaken ruwa daga birnin Istanbul, a farkon Nuwamba 1854.

Asibitin tsohon barikin soja ne, an gina shi bisa magudanar ƙazanta da ta toshe. Ga ɓeraye, ga kwarkwata, ga ƙarancin sabulu da barguna. Likitoci ma da fari ba su yi maraba da matan ba. Florence ta sa aka wanke ɗakuna, ta buɗe wurin wanki, ta sayi riguna da abinci da kuɗin gudunmawa. Da dare takan bi dogayen ɗakunan da fitila tana duba majiyyata ɗaya ɗaya.

Duk da haka mutuwa ba ta ragu ba. A cikin sanyin farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin, akasarinsu ba da raunin yaƙi ba, sai da atuni da kwalara da zazzaɓin taifod. A watan Fabrairu 1855, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kimanin 42 suna mutuwa. A watan Maris gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta. Suka buɗe magudanan, suka gyara hanyar shigar iska, suka cire mushen doki daga hanyar ruwan sha. Zuwa watan Yuni mutuwar ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100.

Abin da Lissafi Ya Nuna

Florence ta koma gida a 1856 da ciwon da ta ɗauko a Kirimiya, wanda ya riƙa kwantar da ita shekaru masu yawa. Jama'a suna ta yabonta, amma ita tambaya ce take damunta: mene ne ainihin abin da ya kashe mutanen nan? Ta zauna da Dokta William Farr, gwanin ƙididdiga, suka bi lambobin wata-wata. Cikin sojojin Ingila kimanin 21,000 da suka mutu a yaƙin, wajen 16,000 cuta ce ta kashe su. Lambobin suka kuma nuna gaskiya mai ɗaci: asibitin da ta yi wa aiki dare da rana bai daina cin rayuka ba sai da aka gyara tsabtarsa. Ba ta ɓoye wannan ba. Ta gano har ila yau cewa ko babu yaƙi, sojojin da ke barikokin Ingila suna mutuwa kusan ninki biyu na sa'o'insu fararen hula.

Da yake manya ba su da lokacin karanta dogon rahoto, sai ta zana lambobin a kan da'ira mai launuka, kowane wata da yankinsa, yadda mai kallo zai ga girman ɓarnar cuta nan take. A 1858 ta zama mace ta farko da aka karɓa a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan. A 1860 ta buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas da ɗalibai 15.

Ta auna aikin hannunta da mudun da ta auna na wasu. Ɗakin haihuwa da aka buɗe da kuɗin asusunta a asibitin King's College, an rufe shi a 1867 saboda zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe mata. Ta bincika, a 1871 ta buga sakamakon da ya nuna cewa a zamanin mata sun fi mutuwa a ɗakunan haihuwa masu cunkoso fiye da a gidajensu.

Jiki da Zuciya

Florence ba ta ɗauki majiyyaci kamar lamba kawai ba. A Scutari takan rubuta wa sojoji wasiƙa zuwa gida, ta rubuta wa iyayen waɗanda suka mutu, ta buɗe ɗakunan karatu, ta kuma taimake su aika albashinsu ga iyalansu. A littafinta Notes on Nursing na 1859 ta koyar cewa fargaba da zaman jira suna raunana marar lafiya. Ta hana yin raɗa a bakin ƙofarsa, gama zai zaci maganar mutuwarsa ake yi. Ta hana masu gaisuwa yi masa daɗin baki na ƙarya. Ta ba da shawara a sa gadonsa inda zai ga hasken rana ta taga, a kawo masa furanni da labari mai daɗi.

Bincike na baya ya gaskata ta. A 1984 Roger Ulrich ya buga bincike a kan majiyyata 46 da aka yi wa tiyata a wani asibitin Amurka. Waɗanda tagarsu take kallon itatuwa sun riga masu kallon bango komawa gida, sun kuma bukaci maganin zafi mai ƙarfi kaɗan. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168, suka ga cewa duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar majiyyata yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100.

Ƙarshen Rayuwarta da Darasi Gare Mu

A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu ranar 13 ga Agusta 1910 tana da shekara 90. Aka binne ta a makabartar ƙaramar majami'a a ƙauyen East Wellow, ba a wurin manya ba.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan mata masu gudun ajin lissafi kuna kuwa so ku zama nas, ku tuna da matar nan. Tausayi shi ya kai ta Scutari, amma ilimi ne ya nuna mata inda mutuwa take fitowa. Basamariyen nan na cikin Bisharar Luka bai tsaya ga jin tausayi ba, ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauki. Mu kuma 'yan ikilisiya, in mun je gaishe da marar lafiya, mu rage surutu, kada mu cika masa kunne da labarin waɗanda ciwon ya kashe, mu yi addu'a gajeriya, mu bar shi ya huta. Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima da hikimar yin ta daidai. Amin.